Gidan Makama na Kano: Gininsa da Sha'anin Kiyaye Shi

Wanda ya tsaya a filin Ƙofar Kudu cikin birnin Kano, ya juya wa gidan Sarki baya, zai hangi wani gini na ƙasa mai kauri, mai zankwaye, launinsa ja-ja kamar na ƙasar da yake tsaye a kanta. Shi ne Gidan Makama. Tun shekarar 1959 Gwamnati ta sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi waɗanda doka ta hana a rushe su ko a sake musu kama ba da izini ba, yanzu kuwa wani sashe nasa gidan ajiye kayan tarihi ne, mai ɗakunan nuni 11. Galibin masu zuwa kallo kayan da aka jera suke dubawa, tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke, da hotunan sarakuna. Kaɗan ne ke ɗaga kai su dubi rufin da ke bisansu, alhali kuwa gidan da kansa shi ne mafi girman abin da aka ajiye a wurin.

Akan gaya wa baƙo cewa gidan ya haura shekara 500. Baƙon da ya san ginin ƙasa, ya san abin da damina ɗaya ke yi wa katangar da ba a yaɓe ba, lalle zai yi tambaya: mene ne a cikinsa ya yi shekara 500? Tambayar ba ta gardama ba ce. A kan amsarta ne za a san abin da doka ta tsare, a kuma san irin gyaran da ya dace da gidan da irin wanda zai kashe shi.

Labarin da ake bayarwa a birni shi ne, Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, shi ya sa aka gina gidan saboda jikansa Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu, sa'ad da yake riƙe da sarautar Makama. An ce da Rumfa ya hau gado cikin 1463 a nan ya ci gaba da zama, har aka gama masa sabon gidan da ake kira da sunansa, sa'an nan ya ƙaura. Ya kamata malamai su riƙa tuna wa almajiransu cewa shekarun nan na sarakunan Haɓe ba haka aka same su a rubuce ba. Littafin Tarihin Kano tsawon mulkin kowane sarki yake faɗi, H. R. Palmer ne, da ya buga fassararsa ta Turanci cikin 1908, ya yi lissafi da baya-baya ya fitar da shekarun Miladiyya. Sun isa a dogara da su wajen sanin ƙarni, amma ba a rantsuwa a kan shekara ɗaya ko biyu.

Abin da ba shakka cikinsa shi ne, zamanin Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, zamanin gini ne. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarauta nesa da tsohuwar cibiyar gari ta gindin Dala, ya tsara majalisar da ake kira Tara ta Kano, wadda Makama ke cikinta. A zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa littafi kan sha'anin mulki. Gidan Makama da Gidan Rumfa maƙwabta ne, kuma alamar abu ɗaya suke: sarauta ta bar inda ta taso ta je ta yi wa kanta wuri mai fili, inda za a yi hawa, a tara jama'a, a yi shari'a.

Fasalin gidan shi ne fasalin gidan babban mutum a ƙasar Hausa, sai dai an ninka shi. Gidan talaka yana da zaure ɗaya, da ɗan fili, da shigifa, sa'an nan cikin gida. Gidan hakimi kuwa soraye ne bi da bi, kowane da filinsa, kowane da irin mutanen da ke iya kaiwa gare shi. Mai ƙara da ɗan aike a zauren farko suke tsayawa. Fadawa da manyan bayi su shige na biyu. Aboki da malami da ɗan'uwa su ne ke kaiwa soron ciki, inda maigida ke hutawa, daga nan kuwa ba namijin da ke wucewa sai muharrami. Ba a sa ƙofofin soraye daura da juna, sai a karkata su, don kada wanda ke waje ya ga ciki. Watau matsayin mutum a wurin Makama ana iya auna shi da yawan ƙofofin da aka bar shi ya shige. Wanda ya bi ɗakunan nunin yau, yana fita wannan yana shiga wancan yana ta karkata, hanyar bafade yake bi ko da bai sani ba.

To, sai kayan aiki. Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Magina suna neman birji, jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, su haƙo ta, kududdufan da suka cika birnin Kano a da ramukan wannan haƙa ne. A jiƙa ta, a tattake, a zuba mata ciyawa yankakka, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa. Daga cikinta ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana ya bushe sarai. In an zo ɗorawa, sai a jera tubalan tsini sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bari sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Magini bisa bangon yake zama kamar mahayi, 'yan aiki na jefa masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa. Gindin bango ya fi samansa kauri ƙwarai, yana tashi yana sirancewa, shi ya sa katangar Gidan Makama take kamar ta ɗan jingina baya. Kaurin nan ba don ƙarfi kaɗai ba ne. Zafin rana yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa shi, saboda haka soro yana da sanyi da azahar, da dare kuwa cikin hunturu yana mayar da ɗumin da ya sha.

Bango ba shi ne wuyar aiki ba. Rufi ne. Itacen da ake rufi da shi azara ce, watau gangar giginya da aka tsaga tsawo-tsawo. An zaɓe ta don tana da tauri, gara kuma ba ta cin ta da sauƙi. Amma tana da iyaka: in an ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta iya tsallake abin da ya wuce kamar ƙafa 6, watau mita 2 ba kaɗan, ba tare da ta lanƙwashe ba. Duk hikimar maginan Hausa a kan wannan iyaka ta taru, yadda za a rufe babban ɗaki da gajeren itace. Dabara ta farko ita ce tauyi, a fito da azara daga cikin bango sahu bisa sahu, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa, a rage faɗin da ya saura. Ta biyu a gitta azara a kusurwoyi, a mai da ɗaki mai kusurwa huɗu ya zama mai takwas. Ta uku a kafa ginshiƙi a tsakiya. Dukkansu suna yi, amma ginshiƙi yana tsaya wa taro a gaba, basarake kuwa yana son soron da zai zauna ya ga kowa, kowa ya gan shi.

Daga nan baka ta fito, ita ce kuma abin da ya fi cancanta a tsaya a duba a Gidan Makama. Mai kallo yana ganin ta lanƙwasa kamar bakan maharbi, sai ya zaci irin ta Rumawa ce ko ta masallatan Masar, inda duwatsu ke danne juna har su tsaya. Ba haka take ba. Magini yana farawa ne daga cikin bango, wajen tsayin kafaɗa ko sama kaɗan. Ya kafa azara ta fito a karkace, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bar ta ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wani kafi bisa na farko, gindinsa a ɗaure da wanda ya riga shi, kansa ya ƙara zarcewa ya ƙara kwantawa. Haka zai yi ta yi, ta wannan bango da ta wancan, har hannuwan biyu su haɗu a sama, a ɗaure su da azara a kwance. Kowane rabi ana kiransa ƙafa. Ba a kafa wani katako a ƙasa don ya tallafe ta lokacin aiki, ita ke ɗauke da kanta tun daga kafin farko. Azara ce ke jure ja, ƙasa ke jure danni tana kuma tsare itacen, kamar dai yadda rodi da siminti ke taimakon juna a ginin zamani. Masana gini na Turai da suka auna ta sun lura da wannan kama, amma maginan Kano da Zariya ba daga wurinsu suka koya ba.

In baka ɗaya ce ta tsallake ɗaki, bakan gizo ke nan. In biyu ko fiye suka gitta juna, sai a ce ɗaurin guga, don sun yi kama da itatuwan da ake gittawa a bakin gugar rijiya. Gittawar tana raba sararin rufi gida-gida, kowane gida bai wuce abin da azara za ta tsallake ba, sai a jera ta a ciki, wani lokaci a miƙe, wani lokaci a karkace kamar ƙashin kifi, jerin da kansa ya zama ado. Bisa azara a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a ɗan tayar da tsakiya ta zama tulluwa don ruwa ya gangara. A kewaye rufin da rawani, a fasa shi wuri-wuri a sa indararo mai tsawo wanda zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Zankwaye kuwa, waɗanda baƙi suka fi ɗauka hoto, suna ƙara wa kusurwa nauyi, a nan ne ruwa ya fi cin gini, an kuma ce magina na ɗaura igiya a jikinsu in za su yi yaɓe.

Akwai wani abu da ba safai ake faɗa ba, shi ne gida irin wannan da sana'o'in gari yake rayuwa. Abin da ke hana rufi yoyo laso ne, laso kuwa haɗi ne na abu uku: katsi, watau dattin da ke kwantawa a gindin karofi, wanda ake kwashewa a busar a ƙona a daka, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Bango kuma akan shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Makuba 'yan shekaru kaɗan take yi a sabunta ta, laso ya fi ta daɗewa amma shi ma ba na har abada ba ne. Ashe in marina ta mutu, katsi ya yanke. In majema ta tashi, gashi ya yanke. Karofin birnin Kano da a da ba su ƙirguwa, yau na Ƙofar Mata ne aka fi sani. Doka tana iya hana a rushe Gidan Makama, amma ba ta iya tilasta wa marini ya zauna bakin karofi.

Yanzu ana iya komawa ga tambayar farko. Ginin da ake sake wa fata kowace shekara biyu ko uku, ake sauya masa azara in ta gaji, ake tayar da soro in ya zube, ba zai yiwu a ce ƙasarsa duka ta zamanin Rumfa ce ba. Har wa yau, bakar da ta kai matuƙa, mai tsayi mai faɗi, a ƙarni na 19 aka san ta sosai. Gwaninta shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi kuma ake jingina wa gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, na wajen 1860. Ko Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, wadda ke kallon Gidan Makama, aikin zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi ne, bayan tsakiyar wannan ƙarni. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne, manyan sorayen da ake gani yau an tayar da su ne, ko an sake su, a zamanan da suka biyo bayan Rumfa da nisa. Abin da ya tsufa ƙwarai shi ne wurin, da sunan, da jerin soraye da filaye, da hanyar aikin da kowane magini ya karɓa daga ubansa. Wannan bai rage wa gidan daraja ba ko kaɗan. Sai dai ya nuna cewa tsufansa wani iri ne dabam.

Sarautar Makama ba ta faɗi da faɗuwar Haɓe ba. Bayan jihadi, da aka naɗa Sarki Sulaimanu cikin 1807, Fulani suka riƙe yawancin sarautun da suka tarar. Makama ta zama ta Joɓawa, zuriyar Malam Bakatsine, mai riƙe da ita kuma yana cikin masu zaɓen Sarki. Gidan ya ci gaba da zama gidan sarauta har zuwan Turawa.

Turawa ta kudu suka zo, ta tsohuwar hanyar fatake daga Zariya, kuma garin da ya fara tare su shi ne Bebeji. Ran 1 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta iske ƙofar garin a rufe, aka buga mata igwa, aka kashe sarkin garin da waɗansu mutanensa. Bayan kwana biyu, ran 3 ga wata, suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Bebeji ba ƙaramin gari ba ne a lokacin. Kyaftin Clapperton ya bi ta cikinsa a 1826 ya same shi babban gari mai ganuwa, cike da 'yan kasuwa. Zango ne na masu zuwa Gwanja sayen goro, a cikinsa kuma aka haifi Alhassan Ɗantata cikin 1877. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 ciniki ya koma bakin tasha, manyan attajirai suka bi shi, Ɗantata da kansa a Kano ya zauna. Amma Bebeji ta riƙe abu ɗaya da ya haɗa ta da Gidan Makama: tsohon masallacinta, wanda ake kira Masallacin Haɓe, yana cikin jerin nan guda na gine-ginen da doka ta tsare.

Haɗa su cikin jeri ɗaya daidai ne, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Daga Bebeji a yi kudu, a bi ta Ƙiru da Tudun Wada har Doguwa da dajin Falgore, ruwan sama yana ƙaruwa, damina tana ƙara tsawo. Shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa wanda ke zaune lafiya a Kano ko Katsina, a can wahala gare shi. Shi ya sa tun da can mutanen kudu suka fi yin jinka bisa bangon ƙasa, soro kuwa sai masu sarauta da attajirai, su ma sai sun tayar da tulluwarsa sosai kamar yadda ake yi a Zariya. Ginin ƙasa a Bebeji ya fi na birni bukatar hannu, ga shi kuwa ya fi nisa da idon ma'aikata. Gidan Makama yana da masu gadi, da 'yan makaranta masu zuwa ziyara, da baƙin da ke taruwa lokacin hawan Salla. Masallacin ƙauye jama'arsa ce gatansa, jama'a kuwa, in sun sami hali, siminti da kwano suke so, ba kuma za a ga laifinsu ba, don wurin salla suke nema wanda ba ya yoyo.

Bayan cin Kano, Turawa sun yi ofis a Gidan Makama na ɗan lokaci, kafin su koma Nasarawa bayan ganuwa. Ba da daɗewa ba aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da kowane a gundumarsa, Makama aka ba shi Wudil. Gidan da aka gina don ɗaukar ɗaruruwan barori da bayi da dawaki ya yi wa masu shi yawa. A ƙarshe ya rabu uku: sashe ya zauna gidan Makama, sashe ya zama makaranta, sashe ya zama gidan kayan tarihi. Makarantar ta yi suna, Janar Murtala Muhammed yana cikin waɗanda suka yi karatun firamare a cikinta. Amma ta fuskar gini rabon ya yi ɓarna wadda ba a gani. Tun da ma'anar gidan tana cikin jerinsa ne, daga zaure har cikin gida, yanke jerin kamar yage littafi ne gida uku. Mai ziyara yau kashi ɗaya yake karantawa.

Dokar da ta tsare abin da ya saura tana da nata tarihi. Kenneth Murray, wanda ya zo Nijeriya malamin zane, shi aka naɗa mai binciken kayan tarihi cikin 1943. Bernard Fagg ya buɗe gidan kayan tarihi na Jos cikin 1952. Shekara guda bayan haka, cikin 1953, aka yi dokar kayan tarihi, wadda ta ba da ikon shelanta gini a tsare shi. Gidan Kafin Madaki ya shiga cikin 1956, Gidan Makama cikin 1959. Tun 1979 kuwa aikin yana hannun Hukumar Gidajen Kayan Tarihi da Gine-ginen Tarihi ta Ƙasa. Abin mamaki, cikin 1945, shekara 14 kacal kafin a tsare Gidan Makama, Ma'aikatar Ayyuka ta buga wani ɗan littafi na A. F. Daldy wanda ya bayyana tubali da azara da laso filla-filla, amma sunan da aka sa masa shi ne gine-ginen wucin gadi na Nijeriya ta Arewa. Gwamnati ɗaya, ofis ɗaya yana cewa wucin gadi, wani ofis yana cewa kada a taɓa.

Tunanin tsare gini daga Ingila ya zo, ya kuma zo da kamannin ƙasarsu. Cikin 1877 William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, don ya ga masu gyaran majami'u suna kankare tsohon dutse suna sa sabo. Ƙa'idarsa ita ce a tallafi abin da ke nan, kada a sake shi, domin hannun mai aikin farko ba ya dawowa. Aka yi dokar farko cikin 1882, sa'an nan dokar tsara birane ta 1947 ta sa aka bi ƙasa gari-gari ana rubuta gidajen da suka cancanta, ana ba su daraja hawa-hawa. A garin kasuwa irin Ludlow akwai masauki mai suna Feathers, ginin katako na 1619, yana cikin daraja ta ɗaya, mai shi ba ya sauya ko taga sai da izini. A can ƙa'idar tana tafiya daidai, don katakon da masassaƙi ya fere zamanin Sarki James na Ɗaya yana nan ana taɓa shi da hannu.

A kawo wannan ƙa'ida Kano ba a sake ta ba, sai ta juya ta zama cuta. In aka ce kada a taɓa ƙasar Gidan Makama don tsohuwa ce, damina kaɗan za su gama da shi. In kuma aka ce a yi masa gyaran da zai dawwama a huta, sai a ɗauko siminti, siminti kuwa shi ne babban maƙiyin ginin ƙasa. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, tana kumbura tana motsewa. Siminti ba ya bin ta. Yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, bango ya yi ta ruɓewa a ɓoye, azara ta jiƙa, gara ta samu hanya, fuska tana nan sumul har ranar da za ta ɓamɓaro gaba ɗaya. An ga kuma yadda son sabo ke yi da manyan gine-gine. Tsohon masallacin Jumma'a na Kano an rushe shi, aka gina na yanzu zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka gama wajen 1951. Na Zariya, aikin Babban Gwani, cikin shekarun 1970 aka rushe wani sashe nasa, aka lulluɓe sauran cikin sabon ginin kankare. Bakunansa suna nan, amma wanda ya tsaya a waje ba ya ganin ko alamar tulluwarsa.

Duniya ta daɗe kafin ta yarda cewa tsufa iri-iri ne. Yarjejeniyar Venis ta 1964 a kan asalin kayan gini ta dogara. Sai cikin 1994, a taron Nara na ƙasar Japan, inda ake da wurin ibadar Ise da ake rushewa a sake ginawa kowace shekara 20, aka amince cewa sahihancin gini yana iya kasancewa cikin fasali, da sana'a, da amfanin da ake yi da shi. Babban masallacin Jenne a Mali shi ne misali mafi kusa: ginin da ke tsaye na 1907 ne, mutanen gari ke fitowa kowace shekara su yaɓe shi, ba wanda ya ce ya zama sabo saboda haka, UNESCO kuma ta sa garin cikin kayan gadon duniya tun 1988. Ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita an sa su cikin jerin masu jiran wannan matsayi cikin 2007. A gida ma an yi wani yunƙuri. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland, ya yi shekaru yana auna gine-ginen Nijeriya yana zana su, sa'an nan ya sa magina suka tayar da kwatankwacin masallacin Zariya da ganuwar Kano a Jos. Zanensa, waɗanda aka buga cikin 1990 bayan rasuwarsa, taska ce. Amma Jos gari ne mai ruwa, kwatankwacin ma sai da hannu yake tsayawa, abin ya koma inda ya fito.

Inda ya fito kuwa shi ne magini. Kano tana da Sarkin Magina, akwai kuma gidajen da suka gaji sana'ar, amma yaron da ya ga bulo ya fi kawo kuɗi ba zai shekara goma yana koyon ɗaurin guga ba in babu mai sa shi aiki. Hamman Tukur Sa'ad, da ya rubuta kundinsa cikin 1981, bakin maginan ya bi, ya ji yadda su da kansu ke bambanta baka mai kyau da mummuna, irin wannan ilmi kuwa ba ya fitowa a zanen awo. Nan ne malaman kwalejojin horon malamai ke da abin yi wanda ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Almajiri da ya fito daga Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada yana iya ɗaukar igiyar awo da littafi lokacin hutu, ya auna zauren dagacinsu, ya ƙirga kafin kowace ƙafa, ya tambayi tsohon magini daga ina aka kawo azarar, wa ya ɗaura ta, zamanin wane sarki, me ake kiran kowane sashe a bakin mutanen wurin.

Aikin shekara na gida irin na Makama sananne ne, ba a kuma sake masa tsari. Da kaka, ruwa na ɗaukewa, a zagaya a duba inda ya ci. Cikin rani a haƙo birji, a yi tubali, a tayar da abin da ya zube, a sauya azarar da ta gaji. Da bazara, kafin hadarin farko, a hau rufi a cire ciyawar da ta tsiro, a toshe tsaga da laso, a yaɓe gindin bango inda ruwan indararo ke fantsama. Indararon kansa shi ake fara dubawa, shi ake kuma dubawa a ƙarshe, domin in sheƙar tsuntsu ta toshe guda ɗaya, ruwan dare ɗaya ya kwanta bayan rawani, ta nan zai sauka cikin ƙafar baka.